Rariyar da mai ke wucewa ruwa ya tsaya: za ta yi aiki a bakin kwata?

Sani Bakanike: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani yarona ya nuna mini bidiyo a waya. An ɗaure wata rariyar ƙarfe a bakin kwalba, aka zuba mata ruwa gauraye da man gas, man ya zarce ƙasa, ruwan ya tsaya a sama ko ɗigo bai wuce ba. An ce wani shafi aka yi wa rariyar. To ni ina da gareji haɗe da wurin wankin mota, kuma duk ruwan da muka wanke inji da shi yana fita da baƙin mai ya bi kwata. Maƙwabta sun yi mini magana, kuma suna da gaskiya. Don Allah masana, abin nan gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne? In gaskiya ne, zan iya sa irinta a bakin kwatata?

Aminu: Wa alaikumus salam Oga Sani. Gaskiya ne, ba haɗi ba ne. Ka taɓa lura da ganyen gwaza in an yi ruwa? Ɗigon ba ya bajewa, sai ya dunƙule ya gangara, ganyen ya zauna a bushe. Wannan halin ne aka kwaikwaya aka ɗora a kan rariya. Muna karanta shi a makaranta, amma bari Malama Dakta Halima ta zo, fanninta ne.

Dakta Halima: Na gode Aminu. Malam Sani, abin da ka gani ya tsaya ne a kan abu biyu.

Na farko, ƙwayoyin ruwa suna riƙe juna da ƙarfi sosai, shi ya sa ɗigon ruwa yake son dunƙulewa. In aka auna wannan riƙon a saman ruwa ana samun kusan 72, a ma'aunin da man gas da kananzir suke tsakanin 25 da 30. Saboda haka akwai abubuwan da ruwa ba ya iya jiƙa su amma mai yana jiƙa su nan take, irin su kakin zuma da Teflon, wato abin nan da ake shafa wa cikin tukunya don kada abinci ya kama.

Na biyu shi ne kaushi. Ko Teflon ne, in samansa sumul yake, ɗigon ruwa zai ɗan zauna a kai, kusurwar da yake yi da wurin ba ta cika wuce digiri 110 zuwa 120 ba. Amma in aka yi wa saman ƙananan ƙuraje waɗanda ido ba ya gani, iska takan maƙale a tsakaninsu, sai ɗigon ya zauna a kan tsinin ƙurajen da kan iska. A nan kusurwar takan haura digiri 150, ɗigon ya zama kusan ƙwallo, da an ɗan karkata sai ya mirgine. Lissafin wannan ba sabo ba ne, Wenzel ya yi nasa a 1936, Cassie da Baxter suka yi nasu a 1944. Abin da ya tayar da maganar a zamaninmu shi ne aikin wasu masana tsirrai biyu na Jami'ar Bon a Jamus, Barthlott da Neinhuis, da suka nuna a 1997 cewa ganyen furen lotas na Asiya yana da ƙuraje lulluɓe da kaki, kuma shi ya sa ruwa ke wanke masa ƙura ba tare da ya jiƙa ba. Sai a 2004 tawagar Lei Jiang a ƙasar Sin ta fesa Teflon a kan rariyar ƙarfe mara tsatsa, ta nuna man gas na wucewa ruwa na tsayawa. Yawancin bidiyon da ke yawo yau jikokin wannan gwajin ne.

Sani Bakanike: Allah ya saka da alheri Dakta. To ke nan in na samu rariyar matsalata ta ƙare?

Injiniya Garba: Sani, kada ka kashe ko sisi tukuna. Na daɗe ina aikin tace ruwa a wuraren haƙar mai a Neja Delta, kuma ina gaya maka ba a nan gizo ke saƙa ba. Koma ka kalli bidiyon da kyau. Za ka ga mai mai tsabta, ruwa mai tsabta, kusan rabi da rabi, an zuba a hankali. Yanzu je ka leƙa kwatarka. Ruwa ne mai yawa, mai kaɗan, ga yashi, ga laka, ga omo.

Ka ɗauka ka shimfiɗa rariyar a kwance. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara sauka ya kwanta a kanta, man ya tashi sama yana yawo. Rariyar tana jiran mai, ruwa ya tare hanya. Babu abin da zai wuce, kwata ta cika ta tumbatsa a ƙofar garejinka. In kuma ruwan ya taru ya yi tsayi, nauyinsa zai danne iskar nan da Dakta ta ambata, ya kutsa ta ramukan. Daga ranar da ruwa ya kutsa, rariyar ta koma rariyar tankaɗe.

Aminu: Amma Baba Injiniya ai ana karkata ta ne ko a tsayar da ita, ba dole a kwance ba.

Injiniya Garba: Ana yi, ɗana. Ka karkata ta ka magance nauyi. Omo fa?

Dakta Halima: Injiniya ya taɓo inda abin yake. Sabulu da omo aikinsu ke nan, su karya riƙon da ƙwayoyin ruwa suka yi wa juna. Ruwan da yake 72, in ka zuba masa omo sosai sai ya faɗo wajen 30 da wani abu, wato ya matso kusa da mai. Rariyar ba ta san sunan abu ba, bambancin riƙon nan kawai ta sani. In bambancin ya ragu, ruwan omo zai jiƙa ta ya wuce.

Sannan omo yana farfasa man ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo da ke rataye cikin ruwa, su ƙi haɗuwa. Malam Sani, kai ka fi ni sanin wannan. Ruwan wankin inji da ka ga ya yi fari-fari ko toka-toka, ba ka ganin mai a samansa amma in ka sa hannu ka ji maiƙo, shi ne. Ɗigon man da ke ciki sukan gaza maikiron 20 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin silin gashin kai yana wajen maikiron 70. Ramin rariyar ya fi su girma nesa ba kusa ba.

Sani Bakanike: Wallahi haka yake. In muka wanke da ruwa zalla man yana tasowa sama ka gan shi yana ƙyalli. In yara suka zuba omo da fetur suka goge inji, ruwan sai ya fito kamar an dama shi, ko ya kwana a bokiti ba ya rabuwa.

Isufu Damagaram: Salamu alaikum. Ni direban tanka ne, ina ɗaukar gazuwal, wato man gas. Ina bin maganar tun ɗazu, kuma ban yarda a ce abin ba shi da amfani ba. Filtar gazuwal ta manyan motoci tana da kofi a ƙasa da ruwa ke taruwa, mu buɗe mu zubar. Takardar da ke cikinta ai an yi mata abin da ruwa ba ya wucewa. Ba don ita ba da nozul ya riƙa lalacewa kullum.

Injiniya Garba: Malam Isufu, ka yi gaskiya, kuma ban ce ba shi da amfani ba. Abin da ka kawo ma shi ne wurin da ya fi dacewa da shi. A man jirgin sama haka ake yi. Tukunyar tace man tana da mataki biyu. Na farko yana tattara ƙananan ɗigon ruwa su haɗu su yi girma, na biyu kuma rariya ce da aka shafa wa Teflon, man ya wuce ɗigon ruwan su tsaya su gangara ƙasa. An daɗe ana wannan tun kafin a fara yin bidiyo. Amma lura: a can mai ne mai yawa, ruwa ɗan kaɗan, kuma man a tace yake. Matsalar Sani kishiyar wannan ce. Haka ma matsalar rijiyar mai. Mutane ba su san cewa rijiya ta fi fitar da ruwa a kan mai ba. A duniya ana ƙiyasta kusan ganga uku ta ruwa kan kowace ganga ɗaya ta ɗanyen mai, tsohuwar rijiya kuwa ta fi haka sosai. Ruwan nan da gishiri, da zafi, da yashi, da magungunan da aka zuba. Na ga kayan tacewa masu tsada da aka kawo da alkawari iri-iri, kafin wani lokaci maiƙo mai kauri ya liƙe su an ciro an ajiye.

Dakta Halima: Shi ya sa masu binciken da kansu suka juya tunanin. Sun lura kifi yana iyo a ruwan da mai ya ɓata amma ɓawon jikinsa ba ya kama mai, saboda ɓawon yana riƙe ruwa a jikinsa, man bai samun inda zai taɓa. A 2011 tawagar Jiang ɗin nan ta shafa wa rariya wani abu mai kama da kunun sitaci wanda ke shan ruwa. Sai ya zama ruwa ke wucewa mai ya tsaya a sama. Wannan ya yi daidai da nauyi, tunda ruwan ne dama a ƙasa, kuma man ba ya liƙewa sosai don akwai ruwa tsakaninsa da ƙarfen. A 2012 tawagar Anish Tuteja a Jami'ar Mishigan ta Amurka ta nuna wata da ke raba har gaurayen da sabulu ya kama. Don haka, Injiniya, ni ban yanke ƙauna ba. Ga ruwa mai yawa da mai kaɗan, shafi mai son ruwa ya fi shafi mai korar ruwa dacewa. Matsalar da ta rage ita ce ƙarko.

Injiniya Garba: Ƙarkon ai shi ne maganar gaba ɗaya, Dakta. Ƙurajen da ido ba ya gani, yashi zai gan su.

Aminu: Na gwada wani abu a gida da ya nuna mini haka. Na riƙe gilashi a kan harshen kyandir har ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, na bari ya huce, na ɗiga ruwa. Ɗigon ya yi tsalle ya mirgine, gefensa yana ƙyalli saboda iskar da ke ƙarƙashinsa. Amma da na shafa yatsa sau ɗaya, baƙin ya goge, ruwa ya baje a wurin. Ko ɗigon da ke mirginawa ma yana kwashe baƙin a jikinsa.

Dakta Halima: Madalla Aminu, ka ga abin da idonka. Wasu masana a cibiyar Max Planck da ke Mainz a Jamus sun bi wannan hanyar ta hayaƙin kyandir, suka lulluɓe baƙin da siririn ɓawon silika don ya yi ƙwari, aikin ya fito a 2012. Ganyen gwaza in kakinsa ya goge yana iya sake fitar da wani, domin rayayye ne. Rariyarmu ba ta iyawa. Duk wanda ya kawo maka irin wannan kaya, tambayar farko ita ce sau nawa aka goga shi da yashi, kwana nawa ya yi a rana da ruwan gishiri, sannan aka sake aunawa.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri in shigo. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ban san kimiyyar nan ba, amma abin ya dame ni ta wani ɓangaren. Ruwan kwatar gari ba ɓacewa yake yi ba. A Kano kowa ya san ana noman rani da ruwan Jakara, latas da alayyahu da kabeji suna dawowa kasuwa. To shi wannan shafin, in yashi ya goge shi kamar yadda kuke faɗa, ina yake tafiya? Ba cikin ruwan ba?

Dakta Halima: Hajiya, tambayarki ta fi duk waɗanda aka yi nauyi. Mafi yawan shafin da suka fi korar ruwa an yi su ne da sinadarai masu fulorin, dangin da ake kira PFAS. Ƙarfinsu shi ne aibinsu: ba sa ruɓewa, suna zama a ƙasa da ruwa da jinin mutum shekara da shekaru. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Stockholm ta sa wasu daga cikinsu a jerin abubuwan da za a taƙaita ko a daina, kamar PFOS a 2009 da PFOA a 2019. In muka cire mai daga ruwa muka bar masa wannan, an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa yanzu da yawa suka koma gwada robar silikon, da kakin zuma, da kitsen tsirrai. Ba su kai na fulorin juriya ba, amma ni na fi yarda da su a ruwan da zai je gona.

Akwai kuma abin da nake so kowa ya riƙe. Duk rariyar nan, mai korar ruwa da mai son ruwa, ɗigon mai kawai take rabawa da ruwa. Abin da ya narke a cikin ruwan ba ruwanta da shi. A rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agustan 2011, an samu rijiyoyin sha a Nisisioken Ogale da benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin mai, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, kuma an samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Santimita 8 ɗin ana iya kwashewa. Benzin ɗin da ya narke zai bi ruwa ya wuce ta kowace rariya, ruwan ya fito garau, mutum ya sha. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Hajiya Rabi: Innalillahi. Ke nan ruwa ya yi haske ba shi ne ya zama na sha ba.

Isufu Damagaram: To a teku fa? In jirgi ya fashe mai ya malala, can ai babu omo, kuma man yana sama.

Injiniya Garba: Can ne soso mai korar ruwa yake da magana, ba rariya ba. Matsalar kwasar mai a teku ita ce injin yana zuƙo ruwa fiye da mai, jirgin ya cika da ruwa. A malalar dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ta 2010 a mashigin tekun Meziko, inda ma'aikata 11 suka mutu, rijiyar ta yi kwana 87 tana zuba, gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9. Duk jiragen da aka tara, abin da aka kwashe daga saman ruwa kusan kashi 3 cikin 100 ne, wanda aka ƙone kusan kashi 5. Don haka soson da zai sha mai ya ƙi ruwa, a matse a mayar, babban abu ne. Cibiyar Argonne ta Amurka ta nuna irinsa a 2017, soson katifa ne aka yi wa shafi, an gwada shi a babban tankin gwaji da ke jihar New Jersey. Amma in bala'i ya zo ba a jiran cibiya. Da jirgin Wakashio ya daki duwatsun teku a tsibirin Morishiyos a 2020, mai kusan tan 1,000 ya zuba, mutanen gari ne suka riƙa cusa busasshen ganyen rake da gashin kai cikin buhuna suna ɗinkewa suna tare man.

Dakta Halima: Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da nake ta son faɗa. Muna da abin da Allah ya riga ya yi wa shafin, wato audugar rimi. Kowane silinta bututu ne, cikinsa iska, bayansa kaki. Shi ya sa a da ake cusa ta a rigar ceto ta masu jirgin ruwa, ba ta nutsewa da wuri. Gwaje-gwaje sun nuna tana shan mai fiye da sau 30 na nauyinta, ana matsewa a sake amfani da ita, ko da yake ƙarfinta na raguwa. Mu kuma matashin kai kawai muke yi da ita, sauran iska ta kwashe. Duk wanda ya zauna Zariya lokacin da rimi ke fashewa ya ga yadda take tashi tana bin gari. Yana ba ni takaici in ga ɗalibi yana neman sinadarin da sai an yi odarsa da dala don ya maimaita gwajin 2004, ga wannan a ƙofar gidansu ba wanda ya auna ta da ruwan garejin gaske.

Aminu: Malama, wannan maganar da ni kike. Dama ina neman abin da zan yi aikin kammala karatu a kai.

Dakta Halima: To ka yi shi yadda Injiniya zai yarda. Kada ka haɗa ruwanka a ɗakin gwaji, ka ɗebo na wurin wankin mota, da omonsa da lakarsa.

Sani Bakanike: Ya zo ya ɗiba ko durom yake so. Amma ni yanzu me zan yi? Injiniya, ka hana ni saye, sai ka ba ni mafita.

Injiniya Garba: Birkila kake buƙata, ba rariya ba. A haƙa rami a yi masa filasta mai kyau, a raba shi ɗaki uku. Ruwa ya fara faɗawa na farko, yashi da laka su kwanta. Ya tsallaka na biyu, wanda shi ne mafi girma, ya huta. Nan man zai taso. Bututun da zai kai ruwa ɗaki na uku kada ya ɗiba daga sama, a lanƙwasa bakinsa ya nutse ƙasa, ta yadda man da ke sama ba shi da hanyar fita. Wannan ita ce dabarar da matatun mai suke amfani da ita tun da daɗewa, tasu ta fi girma ne kawai, kuma an tsara ta ne ta kama ɗigon da ya kai maikiron 150. Sirrin shi ne lokaci. In girman ɗigo ya ragu da rabi, saurin tasowarsa yana raguwa sau huɗu, don haka ƙaramin rami da ruwa ke ratsawa da gudu aikin banza ne. A ɗaki na uku sai ka sa audugar rimin Dakta a cikin buhun albasa ta riƙa yawo a sama tana shanye ƙyallin da ya tsere.

Amma duk wannan ba zai yi ba in yaranka suna juye baƙin mai a ƙasa suna bi da omo. A tare shi a faranti tun daga ƙarƙashin mota, a goge inji da tsumma kafin ruwa ya taɓa shi, a rage omo. Jirgin ruwa a teku doka ba ta yarda ya zubar da ruwan ɗakin inji ba sai man da ke ciki bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Raminka ba zai kai nan ba, amma zai tare mafi yawan abin da ke zuwa ƙofar maƙwabta.

Hajiya Rabi: Audugar da ta sha mai kuma a yi yaya da ita? Kada a ce a jefa a bola ko a cinna mata wuta a cikin unguwa, hayaƙin nan yara ne za su shaƙa.

Injiniya Garba: A matse ta a durom, man ya tafi wurin masu sayen baƙin mai tare da wanda aka kwashe a ɗaki na biyu. Audugar da ta gaji a tara ta a durom mai murfi. Inda ya kamata ta ƙare shi ne tanderu mai zafi sosai irin na masana'antar siminti, ba bola ba.

Hajiya Rabi: Mai gareji ɗaya ba zai iya kai durom ɗaya masana'antar siminti ba, Injiniya. Sai dai in ƙungiyar makanikai ce za ta riƙa tarawa.

Sani Bakanike: Muna da taron ƙungiya ranar Asabar, zan kai maganar durom ɗin. Injiniya, don Allah ka zana mini ramin a takarda da awon kowane ɗaki ka turo, mota goma sha biyar zuwa ashirin muke wankewa a rana.

Injiniya Garba: Ka fara auna mini jarka nawa ake kashewa a mota ɗaya, da kuma mota nawa ake wankewa a lokaci guda in an cika. Da wannan zan fitar da girman ɗaki na biyu.